Kalmar "all-encompassing": ma'anarta, inda ake sa ta, da yadda za a faɗe ta da Hausa

Wani matashi da bai daɗe da fara fassarar labarai a gidan rediyo ba ne ya aiko da tambaya. Ya ce ya ci karo da "all-encompassing" a jawabin wani gwamna da ya yi alkawarin "an all-encompassing approach to insecurity", shi kuma ya fassara ta da "hanya ta gama-gari", amma har ya bar ofis hankalinsa bai kwanta ba. Yana son sanin ainihin ma'anar kalmar, ko ɗaya take da "comprehensive" da "all-inclusive" da "universal", sannan ko daidai ne ya rubuta "a very all-encompassing analysis" a kundin kammala digirinsa.

Ƙanena, da gaskiyarka da hankalinka bai kwanta ba. Fassarar tana da gyara, jimlar kundin ma tana da gyara, kuma duka biyun tushensu guda: ba a auna nauyin kalmar ba kafin a ɗauke ta.

Kalmomi biyu aka haɗa. Ta farko "all", wato duka. Ta biyu "encompassing", daga aikatau "encompass". Idan ka cire ɗafa-goshin "en" za ka ga "compass", kamfas ɗin nan mai ƙafa biyu na cikin akwatin lissafi, wanda ɗalibi yake kafa tsininsa a takarda ya juya fensir ya zana da'ira. Turanci ya aro "compass" daga tsohon Faransanci, kuma a ƙarni na 16 "encompass" tana nufin kewaye abu ta kowane gefe. Runduna ta kewaye gari, ruwa ya kewaye tsibiri. Har yau ana cewa "The old wall encompassed the city", wato ganuwa ta kewaye birni, kamar yadda ta Kano da ta Zariya da ta Katsina suka kewaye nasu. Daga baya ma'anar ta tashi daga wuri ta koma kan abin da wani abu ya ƙunsa: "The course encompasses grammar, poetry and translation", wato kwas ɗin ya ƙunshi nahawu da waƙa da fassara. To idan aka ɗora "all" a gaba, abin da ake cewa shi ne an zana da'irar, kuma babu wani abu ko guda da ya rage a wajenta. Ba "da yawa" ake nufi ba, ba kuma "mafi yawa" ba. Duka ake nufi.

In kana son ka ji cikakken nauyinta, dubi inda masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci suke sa ta. A aya ta 115 ta Suratul Baƙara, inda aka ce "innallaha wasi'un alim", wasu daga cikinsu sun fassara "wasi'un" da "All-Encompassing". A aya ta 156 ta Suratul A'araf kuma, "wa rahmati wasi'at kulla shai'in", za ka tarar da "My mercy encompasses all things". A wajen tafsiri malamanmu "Mayalwaci" suke cewa, su ce rahamarsa ta yalwaci kowane abu, idan kuma suka zo kan "muhid" su ce mai kewayewa ne ga dukkan komai. A nan kalmar ta zauna daram, domin babu togiya a cikin abin da ake faɗa. Duk wani wuri da za ka sa ta bayan wannan, ka san cewa babbar riga ce kake sa wa abin, sai ka duba ko ya cika ta.

Wannan ba ya nufin Turawa sun keɓe ta ga addini. Suna amfani da ita sosai, amma in ka lura, kusan kullum a kan abubuwan da ba a taɓawa da hannu ne. Ba za ka ji an ce "an all-encompassing shop" don shago yana da kaya iri-iri ba. Abin da za ka ji shi ne "an all-encompassing theory", "an all-encompassing term", "an all-encompassing fear". Masana kimiyyar fiziks sun daɗe suna neman ƙa'ida guda da za ta bayyana dukkan ƙarfin da ke tafiyar da halitta. Albert Einstein ya shafe kusan shekaru 30 na ƙarshen rayuwarsa yana wannan nema har ya rasu a 1955 bai cim ma ta ba. Wannan ƙa'idar da ake nema ita ake kira "an all-encompassing theory", kuma sunan ya dace da ita, don ranar da aka samu abu guda da ta kasa bayyanawa, ta tashi daga wannan matsayi.

Wurin da zai fi zo maka a aikin labarai shi ne "an all-encompassing term", kalmar da aka tara abubuwa daban-daban a ƙarƙashinta. Misalin yana bakinmu kullum. "'Yan bindiga" a labaranmu ta haɗa ɓarayin shanu, da masu garkuwa da mutane don kuɗin fansa, da masu tare hanya, da masu kai harin ramuwar gayya, wani lokaci har da masu iƙirarin jihadi. A jaridun Turanci "bandits" ke yin wannan aiki. Marubucin da ya ce "Bandit has become an all-encompassing term" ba yabon kalmar yake yi ba. Ƙorafi yake yi cewa ta yi faɗi har ta daina rarrabe abubuwan da ya kamata a rarrabe. Wannan yana da muhimmanci ga mai fassara, domin ɗalibai da yawa suna ɗauka kalmar ta yabo ce a ko'ina. A'a, tana iya zuwa da yabo, tana iya zuwa da suka, jimlar ce za ta nuna maka.

Akwai ma inda take zuwa da tsoro. Idan masana siyasa suka ce "the all-encompassing state", suna nufin hukumar da ta shiga kowane lungu na rayuwar mutum: makarantarsa, sana'arsa, ƙungiyarsa, abin da zai karanta, har da abin da zai faɗa a cikin gidansa. Benito Mussolini na Italiya ya taƙaita wannan aƙida a wani jawabi a 1925, inda ya ce komai a cikin hukuma, babu komai a wajen hukuma, babu abin da zai yi gaba da hukuma. Ka ga da'irar nan ce dai, amma wannan karon wanda ke cikinta ba shi da ƙofar fita. Haka nan idan aka sifanta baƙin ciki ko fargaba da ita. "An all-encompassing grief" shi ne baƙin cikin da ya mamaye mutum, ya hana shi ci, ya hana shi barci, duk inda ya juya shi yake gani. Tana da 'yar'uwa a nan, "all-consuming", amma ita waccan cinyewa take nufi, abin da ya cinye lokacin mutum da ƙarfinsa. Ɗaya ta kewaye, ɗaya ta cinye. "All-embracing" kuwa kusan ma'anarsu ɗaya da tamu, sai dai ta fi taushi, don runguma ce a cikinta.

Yanzu ga bambancin da ka tambaya, kuma a nan ne na fi son ka tsaya, don a nan aka fi yin tuntuɓe.

"Comprehensive" ita ce ta fi kusa, ita ce kuma ya kamata ka riƙa ɗauka a mafi yawan lokuta. Tana nufin abu ya yi faɗi, ya taɓo duk manyan ɓangarorin da ake buƙata a cikin iyakar da aka shata masa. Iyakar nan ita ce bambancin. A ranar 9 ga Janairun 2005 gwamnatin Sudan da ƙungiyar 'yan tawayen Kudu ta SPLM ƙarƙashin John Garang suka sa hannu a Nairobi kan yarjejeniyar da aka sa wa suna "Comprehensive Peace Agreement". Ta cancanci sunan, domin ta tanadi rabon mulki, da rabon kuɗin man fetur, da tsarin sojojin ɓangarorin biyu, da batun Abyei, da na Kudancin Kordofan da Blue Nile, da wa'adin shekara 6 kafin ƙuri'ar raba gardama, wadda aka yi a Janairun 2011 har Sudan ta Kudu ta ɓalle. Amma a ranar da ake sa hannun, yaƙi na ci a Darfur tun 2003, kuma yarjejeniyar ba ta shafe shi ba. Sai a watan Mayun 2006 aka sa hannu kan wata ta daban a Abuja saboda Darfur. Yarjejeniyar 2005 "comprehensive" ce a kan rikicin Arewa da Kudu. Da an kira ta "all-encompassing", da mutanen Darfur sun ce ba gaskiya ba ne, kuma da sun fi kowa gaskiya.

Duk mai mota ya san wannan bambanci ko bai san Turanci ba. Akwai inshorar "third party" da doka ta wajabta, wadda a Janairun 2023 kuɗinta ya koma naira 15,000 ga motar gida a Najeriya, kuma ɓarnar da ka yi wa wani kaɗai take biya. Akwai kuma "comprehensive", wadda ta haɗa da gyaran motarka, da gobara, da sata. Amma buɗe takardar ka karanta ƙananan rubutun. Ba ta biyan ɓarnar yaƙi, ba ta biyan tsufan inji, ba ta biya idan direba ba shi da lasisi. Cikakkiya ce, amma ba ta game komai ba. Sunan nan da kake gani a allon makarantu, "Comprehensive Secondary School", shi ma daga wannan kalma yake. A Ingila ya yaɗu bayan 1965, lokacin da gwamnati ta nemi a koma ga makarantun da ke karɓar kowane yaro ba tare da jarrabawar tankaɗe da rairaya ta 'yan shekara 11 ba, a kuma koyar da boko da sana'a a harabar makaranta guda.

"All-inclusive" asalin gidanta kasuwa ne, maganar farashi ce. Kuɗi guda ka biya, ya haɗa masauki da abinci da sauran hidima, ba za a sake cewa ka kawo wani abu ba. Ana danganta yaɗuwar wannan tsari da kamfanin Club Med, wanda Gérard Blitz ɗan Beljiyam ya kafa a 1950, ya fara da sansanin hutu a tsibirin Majorca na Sifaniya. Mu a nan mun fi ganin kalmar a tallan kamfanonin Umara da Hajji, inda kuɗin kujera ya haɗa biza da tikitin jirgi da masauki a Makka da Madina. Idan irin wannan talla ta zo maka, "kuɗin ya haɗa komai da komai" ya wadatar. Sai kuma gidanta na biyu, wanda 'yan siyasarmu suka gina mata: "an all-inclusive government". A nan ba kaya ake ƙirgawa ba, mutane ne. Gwamnatin da ta ba wa 'yan adawa da mata da matasa da kowace shiyya kujera. Hausa tana da maganarta tun kafin Turancin ya iso: gwamnatin da za ta dama da kowa, ko wadda za ta tafi da kowa. Kada ka musanya su. "All-inclusive dialogue" tattaunawa ce da aka gayyaci kowane ɓangare. "All-encompassing dialogue" tattaunawa ce da za ta taɓo kowane batu. Ana iya tara kowa da kowa a zaure a hana su tayar da maganar da ta fi damunsu, ana kuma iya tattauna kowace magana tsakanin mutum biyar kacal.

"Universal" kuma tana duban wanda abin ya shafa ne, kowane mutum ba togiya. Shirin "Universal Primary Education" da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a 1976, wanda iyayenmu ke kira UPE, da "Universal Basic Education" da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 aka yi masa doka a 2004, ba su yi alkawarin koyar da kowane ilimi ba. Alkawarinsu shi ne kowane yaro ya samu, kuma na biyun shekara 9 kaɗai ya ɗauka, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Haka "universal suffrage", 'yancin kowane baligi ya jefa ƙuri'a. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun yi zaɓe, matan Arewa ba su yi ba, duk da gwagwarmayar su Hajiya Gambo Sawaba. Sai a 1979 suka jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa. Kafin nan ba za a kira zaɓen Najeriya "universal" ba, komai kyawun tsarinsa, tunda an bar miliyoyin mata a waje. Da Hausa sai ka ce na kowa da kowa, ko na bai-ɗaya, gwargwadon jimla.

Sauran biyu ba sa buƙatar dogon bayani. "Exhaustive" ta jerin abubuwa ce da bincike, an ƙirgo har an ƙure, kamar "an exhaustive list". Ka kiyaye kada ka rikita ta da "exhausting", mai gajiyarwa. "Holistic" kuwa, wadda jami'an gwamnati suka mayar abin yayi har ba a gama taro sai an ji ta, tana nufin kallon abu a dunƙule, a ga yadda sassansa ke shafar juna, ba wai an lissafo kowane sashe ba.

Ta fuskar nahawu, kalmar sifa ce, kuma ba ta da wahalar sarrafawa in ka kiyaye 'yan abubuwa. "An" take ɗauka ba "a" ba, saboda da wasali ta fara. Karan-ɗorin da ke tsakanin "all" da "encompassing" ba ya faɗuwa, ko ta zo kafin suna kamar "an all-encompassing plan", ko ta zo bayan aikatau kamar "The plan is all-encompassing". Yawancin sifofin da aka haɗa da karan-ɗori suna yar da shi idan suka koma bayan suna, amma dangin "all" irin su "all-knowing" da "all-powerful" suna riƙe nasu. Harafin "s" biyu ne a ciki, kuma da "e" take farawa ba "i" ba. Idan kuma aikatau ɗin kake so, kai tsaye yake ɗaukar karɓau: "The report encompasses three states". Babu "of" a bayansa. Ina yawan ganin "encompasses of" a rubutun ɗalibai, kuma na san daga ina take. "Consists of" ce ta haifi "comprises of", ita kuma ta haifi wannan. Ta farkon ce kaɗai daidai.

Sai "very" ɗin da ka sa. Cire ta. Akwai sifofin da ake iya ƙara musu ko a rage, kamar "big" da "hot", akwai kuma waɗanda sun riga sun kai maƙura, kamar "dead" da "unique". Tamu tana cikin kashi na biyu. Abin da ya haɗa duka ba shi da sauran wurin ƙari, kamar dai yadda Bahaushe ba ya cewa "duka sosai". Abin da ake iya yi shi ne a nuna an kusa kaiwa: "almost all-encompassing" ko "nearly all-encompassing". Za ka ci karo da "more all-encompassing" a jaridu, ba zan ce maka ba a faɗa ba, amma marubuci mai kula "broader" ko "more comprehensive" zai rubuta.

Ko ka cire "very" ma, shawarata ita ce kalmar gaba ɗaya ta fita daga kundin. Dalilina yana cikin babi na ɗaya na kundin naka. Akwai sashen da ka rubuta "scope and limitations of the study", inda da hannunka ka faɗi cewa binciken ya tsaya a ƙananan hukumomi kaza, a shekaru kaza, da mutum kaza da ka tattauna da su. Wanda ya shata wannan iyaka a shafi na biyar ba zai dawo a shafi na sittin ya ce nazarinsa bai bar komai a waje ba. Malamin da za a gayyato daga wata jami'a ranar kare kundi zai kama wannan, kuma tambaya guda zai yi maka: me ya sa ba ka taɓo abu kaza ba? "A comprehensive analysis" ta fi aminci, "a detailed analysis" ta fi ta. Abin da ya fi duka shi ne ka faɗi abin da ka nazarta da sunansa, ka bar mai karatu ya yanke hukuncin faɗinsa. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin ina ganin yara masu ƙwazo suna ɓata aiki mai kyau da manyan kalmomi, saboda an sa musu a rai cewa girman kalma shi ne zurfin ilimi. Binciken da ya tsaya a ƙauye uku ya faɗi gaskiyar abin da ya gani ya fi amfani ga al'umma a kan wanda ya yi da'awar ya game duniya.

Mu koma ga fassara. Matsalar "gama-gari" ita ce fuska biyu gare ta. A "yajin aikin gama-gari" tana nufin wanda ya shafi kowa, wannan daidai ne. Amma a bakin mutane ta fi nufin abin da ba shi da wani fifiko, wanda ake samu ko'ina. Idan aka ce wane ba gama-garin mutum ba ne, ai yabonsa aka yi. Saboda haka dattijon da ke sauraron rediyonsa a ƙofar gida, idan ya ji gwamna zai bi "hanya ta gama-gari" wajen magance rashin tsaro, abin da zai fahimta shi ne za a bi hanyar da aka saba bi. Gwamnan kuwa kishiyar haka ya faɗa. "Ruwan dare" ma ba za ta yi ba, don ita yaɗuwar abu take nunawa, galibi abin da ba a so.

Tushen wahalar shi ne kana neman sifa guda ta Hausa da za ta zauna a gurbin sifar Turanci. Hausa ba ta cika aiki haka ba. Sifofinmu na asali kaɗan ne, irin su babba, ƙarami, sabo, fari, dogo. Sauran aikin da aikatau muke yinsa, da "mai" da "wanda". Inda Bature zai cusa ma'ana a kalma guda ya ajiye ta gaban suna, mu sai mu warware ta a bayan sunan. Akwai "gamamme" da "gamammiya", kuma kalmomi ne masu kyau, malamai na cewa gamammiyar addu'a, gamammen hukunci. A rubutu na ilimi ko na addini ina amfani da su ba tare da shakka ba. A labaran rediyo kuwa, inda mai sauraro sau ɗaya zai ji jimlar ta wuce, warwarewa ta fi. Ka tambayi kanka: me aka ce an kewaye a nan? Idan batutuwa ne, "wanda ya taɓo kowane ɓangare". Idan baƙin ciki ne ko tsoro, "wanda ya mamaye shi gaba ɗaya". Idan iko ne, "wanda ya shiga kowane lungu da saƙo". Idan kalma ce, "wadda aka tara abubuwa da yawa a ƙarƙashinta". Jimlar gwamnan sai ta zama: gwamnan ya ce zai tunkari matsalar tsaro ta kowace fuska, ba tare da barin wani ɓangare ba. A kanun labarai, "ta kowace fuska" kaɗai ta isa.

Akwai amana a cikin wannan da nake so ka riƙe. Na ce maka kada kai ka yi wa aikinka wannan babbar da'awa. Amma idan wani ne ya yi ta, musamman mai mulki, ba aikinka ba ne ka rage masa ita, ko da kana ganin cika baki ne. Ya ce kowace fuska, to ka faɗa wa jama'a kowace fuska ya ce, ka jingina maganar gare shi da "in ji shi" ko "a cewarsa". Manomin da aka kora daga gonarsa da makiyayin da aka kwashe wa shanu suna da haƙƙin su ji girman alkawarin yadda aka yi shi, don su san abin da za su tambaya bayan shekara. Haka kuma idan "comprehensive" ya ce, kada ka ƙara masa zuwa "komai da komai". "Cikakken shiri" ko "shiri mai faɗi" shi ne abin da ya faɗa. Masu rubuta wa manya jawabi suna zaɓen waɗannan kalmomi da gangan, kuma mafi yawan masu sauraronka ta bakinka kaɗai za su ji su.

Tunda a rediyo kake, wata rana za ka furta kalmar da Turancinta, ko a hira ko a shirin Turanci. Gaɓoɓin "encompassing" huɗu ne, kuma a ta biyu ake dannawa. Harafin "o" da ke cikinta ba "o" ake furta shi ba, ya fi kusa da gajeren "a" namu, kamar a "kamfani": in-KAM-pa-sin, da ɗan gunji a hanci a ƙarshe. Sai "p". Hausa ba ta rarrabe "p" da "f", shi ya sa "compass" ta zama kamfas a bakinmu, kuma a Hausa hakan daidai ne. A Turanci kuwa sai ka haɗe leɓɓanka biyu gam, ka tare iska, sannan ka sake ta lokaci guda. Ka gwada da "company" da "compare" da "campus" tukuna, domin a cikinsu ma "m" ce ke gaban "p", leɓɓan sun riga sun haɗu, sakin kawai ya rage.